Don Williams: tambayoyi da amsoshi kan muryarsa da kundayen waƙoƙinsa

Cikin mawaƙan kantiri na Amurka, da wuya a samu wanda kunnen mutanenmu ya saba da shi kamar Don Williams. Akwai waɗanda suka haddace amshin waƙoƙinsa tun zamanin kaset, amma da za ka tambaye su a wane kundi waƙar ta fito, ko wa ya rubuta ta, sai zance ya tsaya. Ga tambayoyin da masu sauraronsa suka fi yi, tare da amsoshinsu.

Wane ne Don Williams?

Cikakken sunansa Donald Ray Williams. An haife shi ranar 27 ga Mayu, 1939, a Floydada da ke jihar Teksas, ya kuma tashi a Portland, wani ƙaramin gari kusa da Corpus Christi a gaɓar teku. Bayan ya yi aikin soja, a 1964 shi da Lofton Kline da Susan Taylor suka kafa ƙungiyar Pozo-Seco Singers, wadda waƙarta "Time" ta yi ɗan tashe a 1966. Da ƙungiyar ta watse sai ya bar waƙa na ɗan lokaci, ya koma aiki a kantin kayan ɗaki na surukinsa. A farkon shekarun 1970 ne ya shiga Nashville, birnin da ke cibiyar kiɗan kantiri, kuma ba a matsayin mawaƙi ya shiga ba. Kamfanin furodusa Jack Clement ya ɗauke shi ne don ya riƙa rubuta wa wasu waƙa.

Tsakanin 1974 da 1986 waƙoƙinsa 17 suka hau matsayi na ɗaya a jadawalin kantiri na mujallar Billboard. An shigar da shi Country Music Hall of Fame, zauren karrama gwarazan kantiri, a 2010. Ya rasu ranar 8 ga Satumba, 2017, a Mobile da ke jihar Alabama, yana da shekara 78, sakamakon ciwon huhu. Laƙabinsa Gentle Giant, wato ƙato mai sanyin hali, saboda dogo ne kuma marar hayaniya.

Wace irin murya ce gare shi, da ake gane ta tun daga baitin farko?

Murya ce mai kauri, amma ba ta kai can ƙasa irin ta Johnny Cash ba. Tana zaune ne tsakanin mafi kaurin muryar maza da matsakaiciya, kuma ba kasafai yake fitar da ita daga wannan muhallin ba. Sai dai kauri kaɗai bai isa ya bayyana shi ba, don masu kakkaurar murya sun yi yawa a Nashville. Abin da ya raba shi da su shi ne yadda yake sarrafa ta.

Da farko, yana rera waƙa ne a daidai ƙarfin da mutum yake magana da wanda ke zaune kusa da shi. Ba ya tura murya daga ƙirji da ƙarfi, makirufo ne yake barin ya yi masa aikin. Shi ya sa ko an rage rediyo ƙasa sosai ana jin kowace kalma, in kuma an ƙure lasifika ba ya cika kunne.

Sannan ba ya yi wa kalma ado. George Jones, wanda da yawa ke ɗauka shi ne sarkin mawaƙan kantiri, yakan kama gaɓa ɗaya ya lanƙwasa ta sau uku ko huɗu kafin ya sake ta. Hank Williams kuwa (babu dangantaka tsakaninsu, suna ne kawai ya zo ɗaya) yakan karya murya kamar mai shirin kuka. Don Williams ba ya yin ko ɗaya. Yakan faɗi kalmar, ya riƙe ta daidai gwargwado ba tare da karkarwa mai yawa ba, ya ajiye. A ƙarshen layi sau da yawa muryar takan gangara ƙasa a hankali maimakon ta hau, kuma a wannan gangarowar ne daɗin yake.

Abu na uku shi ne lokaci. Ba ya gaggawar cim ma kiɗa. Yakan shigo a bayan bugun da ɗan kaɗan, ya bar sarari tsakanin layi da layi, har mai sauraro ya gama haɗiye abin da aka faɗa kafin na gaba ya zo. Salonsa irin na dattijon da ke ba da labari a zaure bayan isha'i ne: ba ya ɗaga murya, don ya san ba wanda zai katse shi.

Ba rashin ƙarfin murya ne ya hana shi ɗaga ta ba?

Gaskiya ne faɗin muryarsa bai kai na irin su Ray Price ko Marty Robbins ba, kuma bai taɓa nuna yana gasa da su ba. Amma duk wanda ya taɓa gwada rera waƙa ya san rera ta a hankali, kan daidai, ba tare da murya ta yi rawa ko numfashi ya yanke ba, ya fi wuya a kan kwarma ihu. Ihu yana rufe kuskure. Wanda yake rerawa a hankali ba shi da maɓoya. Ka saurari "Lay Down Beside Me" ka lura da yadda yake riƙe dogayen kalmomin amshin ba tare da sun karkace ba. Wannan gwaninta ce, ba gazawa ba. Ƙungiyar masana'antar kiɗan kantiri, wato CMA, ma ta yarda da haka, tunda a 1978 shi ta ba kyautar gwarzon mawaƙi namiji na shekara.

Me ya sa kiɗan da ke bayansa ba shi da cunkoso? Su wa ke buga masa?

Nan ne rabin sirrin yake. A lokacin da ya fara, abin da ake yayi a Nashville shi ne a cika waƙa da tarin masu goge da 'yan amshi har sai ta yi nauyi, salon da furodusa Billy Sherrill ya shahara da shi. A ɗaya ɓangaren kuma Waylon Jennings da Willie Nelson suna tayar da ƙura da nasu salon na 'yan tawaye, mai kaifin jita da ganga. Don Williams da furodusansa na farko, Allen Reynolds, ba su bi ko ɗaya ba. Sun rage kaya ne kawai, suka bar abin da ba makawa sai da shi.

Abin da ya rage shi ne jita marar lantarki da ke riƙe taku, da jitar bes ta Joe Allen, da Kenny Malone a kan ganguna, wanda sau da yawa yakan ajiye sanduna ya yi aiki da tafin hannu ko da buroshi. Sai Lloyd Green, gwanin jitar nan da ake kwantarwa ana goga mata guntun ƙarfe a kan tsirkiya. Da ita, da 'yar'uwarta da ake kira dobro, yake amsa wa mawaƙin a ƙarshen layi, kuma ba ya shigowa sai murya ta yi shiru. Danny Flowers yana busa harmonika yana kuma kaɗa jita, Charles Cochran yana kan fiyano da tsara kiɗan goge a inda aka buƙace shi. Daga 1978 Garth Fundis ya zama abokin aikinsa wajen tsara sauti, suka daɗe tare.

Ka'idar tasu mai sauƙi ce a faɗa: kada wani abin kiɗa ya yi magana lokacin da mawaƙi yake magana. Reynolds daga baya shi ya yi wa Garth Brooks furodusa, Fundis kuma ya yi aiki da Keith Whitley da Trisha Yearwood, don haka ba ƙananan mutane ne suka gina wannan sautin ba.

Shi yake rubuta waƙoƙinsa?

Wasu, ba duka ba, kuma ba mafi yawan waɗanda suka yi suna ba. Wannan yakan ba mutane mamaki, saboda yadda yake rera su sai ka rantse labarin rayuwarsa ne.

Nasa na kansa sun haɗa da "The Shelter of Your Eyes", wadda ita ce ta fara shigar da shi jadawali, da "Atta Way to Go", da "Lay Down Beside Me", da "Love Me Over Again" wadda ta kai matsayi na ɗaya. "Till the Rivers All Run Dry" da "I've Got a Winner in You" shi da Wayland Holyfield suka rubuta.

Sauran kuwa na wasu marubuta ne ƙalilan da ya amince da alƙalaminsu. Babbansu Bob McDill, ɗan Teksas kamarsa, wanda ya ba shi "Amanda", "Come Early Morning", "Say It Again", "It Must Be Love" da "Good Ole Boys Like Me". Holyfield shi kaɗai ya rubuta "You're My Best Friend" da "Some Broken Hearts Never Mend". Roger Cook, ɗan Ingila, yana da hannu a "I Believe in You" da "Love Is on a Roll". A Nashville wannan ba abin kunya ba ne, rubuta waƙa sana'a ce mai zaman kanta da ofisoshinta. A ganina ma baiwarsa ta zaɓe ta fi ta rubutu ƙarfi. Ya san waƙar da za ta zauna a bakinsa, kuma bai cika ɗaukar wadda ba ta dace da halinsa ba don kawai ana ganin za ta yi kasuwa.

Kundi nawa ya fitar, kuma a wane kamfani?

Kundayen situdiyo sun haura 20, daga 1973 zuwa 2014. Biyun farko sun fito a JMI, ƙaramin kamfanin Jack Clement. Daga 1974 ya koma ABC/Dot, da MCA ta saye ABC a 1979 sai ya zama na MCA. Ya yi kundi biyu a Capitol, uku a RCA, sannan ya zagaya wasu kamfanoni kafin ya ƙare a Sugar Hill.

Me ya sa masana ke yawan komawa kan kundinsa na farko?

Saboda duk abin da zai yi a shekara 40 masu zuwa yana cikinsa. Don Williams Volume One ya fito a 1973 da waƙa 10, kuma ba ya kama da aikin sabon shiga mai laluben hanya. Yana da shekara 34 a lokacin, ya riga ya ɗanɗana tashe ya kuma ɗanɗana faɗuwa, ya san abin da yake so.

Kundin ya buɗe da "Come Early Morning", ya rufe da "Amanda". Ta farkon tana ɗauke da wannan takun nasa mai sanyi da ɗan tsalle, wanda jita da ganga ke yi tare. "Amanda" kuwa labarin makaɗi ne da shekaru suka fara cim masa bai tara komai ba, yana duban matarsa yana ganin ta cancanci mijin da ya fi shi. Wani mawaƙin da ya mayar da ita ta kuka. Shi ya faɗe ta ne kamar mai lissafin abin da ya riga ya karɓa a matsayin ƙaddara, kuma hakan ya fi taɓa zuciya. A tsakiya akwai "I Recall a Gypsy Woman", wadda ba ta yi wani tasiri nan take ba, sai a 1976 ta shiga jadawalin waƙoƙin Birtaniya ta buɗe masa ƙofar Turai.

Volume Two na 1974 ci gaban na farkon ne, a cikinsa "We Should Be Together" take. Vol. III, shi ma 1974, ya kawo masa ta ɗaya ta farko, "I Wouldn't Want to Live If You Didn't Love Me". Ka lura da sunayen kundayen ma: na ɗaya, na biyu, na uku. Ko a nan bai ga dalilin ƙawa ba.

Yaushe ne ganiyar tashensa?

Daga 1975 zuwa 1984. A wannan tsakanin kusan kowace shekara sai ya fitar da kundi, kuma kusan kowane kundi sai an samu waƙar da ta kai ƙololuwa. You're My Best Friend ya zo a 1975. Harmony na 1976 yana ɗauke da "Till the Rivers All Run Dry", "Say It Again" da "She Never Knew Me". A 1977 kundi biyu ya yi, Visions mai "Some Broken Hearts Never Mend", da Country Boy.

Idan aka ce in ware guda ɗaya daga wannan zamanin, Expressions na 1978 zan ɗauka. A nan ne ya nuna yana iya motsa ƙafar mutane in ya ga dama. "Tulsa Time", wadda Danny Flowers ya rubuta a ɗakin otal a garin Tulsa lokacin da dusar ƙanƙara ta tsare su, a kan sauti biyu kacal na jita aka gina ta, tana kai da komo tsakaninsu daga farko har ƙarshe, amma ba ta gundura. Ita ce ta ci kyautar waƙar shekara ta Academy of Country Music. A kundin ne kuma "It Must Be Love" da "Lay Down Beside Me" suke.

Portrait na 1979 shi ke da "Good Ole Boys Like Me", wadda ta tsaya a matsayi na biyu, amma da yawa suna ganin ita ce mafi zurfin duk abin da ya rera. Labarin yaro ne da ya tashi a jihohin kudancin ƙasar Amurka, tsakanin uba mai shaye-shaye da ke riƙe da littafin addini yana yi masa nasiha kan mutunci, da rediyon dare, da littattafan marubutan yankin. Ya yi karatu, ya gyara harshensa, ya bar gida, amma gidan bai bar shi ba. Wanda bai san tarihin wannan yankin ba wasu sunayen da ke ciki za su wuce shi, sai dai jigon ba baƙo ba ne ga duk wanda boko ya raba da garinsu.

"I Believe in You" ce babbar waƙarsa?

A kasuwar Amurka, ita ce. Ta fito a 1980 cikin kundi mai sunanta, ta yi ta ɗaya a jadawalin kantiri, ta kuma haura zuwa ta 24 a babban jadawalin Billboard Hot 100, inda babu wata waƙarsa da ta kai. Roger Cook da Sam Hogin suka rubuta ta. Tsarinta shi ne mutum yana jero abubuwan zamani da ya daina gaskatawa, sannan ya koma kan 'yan kaɗan da ya riƙe: soyayya, iyaye, yara, da wadda yake yi wa waƙar. Da wani ne ya rera ta, za ta iya zama wa'azi ko ƙorafi. Sanyin muryarsa ne ya hana ta zama ko ɗaya.

Bayanta Especially for You ya zo a 1981 da "Lord, I Hope This Day Is Good" ta Dave Hanner, addu'ar mutumin da ba ya roƙon dukiya ko suna, yana fatan yinin ya zo da alheri kawai.

Salonsa ya canza a shekarun 1980?

Muryar ba ta canza ba, rigar da aka sa mata ce ta ɗan sauya. Listen to the Radio na 1982, Yellow Moon na 1983 da Cafe Carolina na 1984 suna kan tsohuwar hanya, sai dai sautin ya ƙara santsi. Cafe Carolina ya samo sunansa ne daga "Maggie's Dream", labarin wata mai kai abinci a gidan cin abinci da ta doshi shekara 50 ba ta samu mai sonta ba. Ba ta kai ta ɗaya ba, amma tana cikin mafi kyawun abin da ya yi.

Da ya koma Capitol, a New Moves na 1986 da Traces na 1987, an fi jin kayan kiɗan lantarki na wancan zamanin da ganga mai ƙara. A kunnena waɗannan su ne kundayen da suka fi nuna shekarunsu, duk da cewa a cikinsu ne "Heartbeat in the Darkness" take, wadda ita ce ta ɗaya ta ƙarshe da ya samu, da "Senorita" da "Desperately" waɗanda masoyansa na Afirka ba sa wasa da su. Kundayen RCA, wato One Good Well na 1989, True Love na 1990 da Currents na 1992, sun dawo da shi kusa da sautin farko. "Lord Have Mercy on a Country Boy" ta 1991 ita ce ta ƙarshe da ta shiga goman farko. Daga nan gidajen rediyon kantiri suka juya ga matasa irin su Garth Brooks da Alan Jackson, tsofaffin hannu suka rasa gurbi.

Wasu suna cewa duk waƙoƙinsa iri ɗaya ne. Akwai gaskiya a ciki?

Akwai. In ka jera kundi huɗu ka saurara a zama ɗaya, za ka iya kasa tuna inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Taku ɗaya ne mafi yawa, muhallin murya ɗaya, makaɗa kusan ɗaya. Ba kowace waƙa ce a kundayensa ta cancanci a sake ji ba, akwai na cike gurbi kamar yadda ake samu wurin duk wanda ke fitar da kundi kowace shekara. Mai neman mawaƙin da zai ba shi mamaki kowane lokaci, ba nan zai same shi ba.

Amma bambancin yana nan ga mai haƙurin saurare. Sa "Tulsa Time" kusa da "Amanda", ko "Rake and Ramblin' Man", inda yake buɗewa da magana zalla cikin raha, kusa da "She Never Knew Me". Mutum ɗaya ne, yanayi huɗu.

Me waƙoƙinsa suka fi magana a kai?

Soyayyar manya. Kantiri ya shahara da waƙoƙin mashaya, cin amanar aure da gidan yari, shi kuwa bai cika zuwa can ba. Nasa sun fi karkata ga mutumin da ya daɗe da matarsa yana gode mata, ko wanda aka rabu da shi yana jinya ba tare da zagi ba. A "You're My Best Friend" matar ita ce aminiya kuma uwar 'ya'ya. Rayuwarsa ma ba ta saɓa wa hakan ba: ya yi aure a 1960, kuma yana tare da matar har ya rasu, shekara 57.

Me ya sa ake sonsa a Afirka haka?

Kantiri ya daɗe da samun gindin zama a Najeriya, Ghana, Kenya, Zimbabwe da sauransu, tun daga Jim Reeves, wanda shi ma mai tattausar murya ne da ke rerawa dab da makirufo. Kenny Rogers da Dolly Parton sun biyo baya. Don Williams ya shigo kunnen da aka riga aka shirya masa.

Dalilan da nake gani uku ne, kuma duk suna komawa kan muryar. Turancinsa a fili yake kuma a hankali, wanda bai yi nisa a harshen ba ma yana tsintar kalmomin. Waƙoƙin babu batsa, ana iya sa su a mota da iyali ko a gaban manya ba tare da an miƙa hannu an rage ba. Sannan kamun kan da ke cikin muryar abu ne da al'adunmu ke girmamawa ga namiji, ya ji ciwo amma kada ya yi kururuwa. Shi ma ya san da wannan soyayyar. A 1997 ya je Zimbabwe ya yi wasa a Harare, aka naɗi bidiyon da aka fitar da sunan Into Africa.

Ya yi waƙa tare da wasu?

Kaɗan. Wadda aka fi sani ita ce "If I Needed You" da Emmylou Harris a 1981, waƙar Townes Van Zandt, wadda ta kai ta uku. Siririyar muryar Harris a sama, tasa a ƙasa, babu mai danne wani. A 2012 ya yi "I Just Come Here for the Music" da Alison Krauss.

Su wa suka sake rera waƙoƙinsa?

Abin mamaki, manyan makaɗan rok na Ingila suna cikin na farko. Eric Clapton ya ɗauki "We're All the Way", wadda Williams ya rubuta, ya sa a kundinsa Slowhand na 1977, sannan ya yi "Tulsa Time" a Backless na 1978. Pete Townshend da Ronnie Lane sun rera "Till the Rivers All Run Dry" a Rough Mix na 1977. A Amurka kuwa Waylon Jennings ya kai "Amanda" matsayi na ɗaya a 1979, abin da ta asalin ba ta yi ba, Alan Jackson kuma ya sake kai "It Must Be Love" matsayi na ɗaya a 2000. Watanni kaɗan kafin rasuwarsa, a 2017, Garth Fundis ya haɗa kundin girmamawa mai suna Gentle Giants, inda Garth Brooks ya yi "Good Ole Boys Like Me", Chris Stapleton ya yi "Amanda".

Shi ma ya rama. Borrowed Tales na 1995 kundi ne na waƙoƙin wasu zalla, har da "Lay Down Sally" ta Clapton.

Hular nan da ba ya rabuwa da ita fa?

Asalinta daga fim ne. Ya fito tare da Burt Reynolds a W.W. and the Dixie Dancekings na 1975, kuma daga nan irin wannan hular ta zama tambarinsa a dandali da bangon kundaye. Ya sake fitowa a Smokey and the Bandit II a 1980, amma bai mayar da fim sana'a ba.

Tsufa ya taɓa muryarsa a kundayen ƙarshe?

Ya taɓa, amma bai ɓata ta ba. Ya yi ban kwana da dandali a 2006, ya dawo a 2010, sannan ya fitar da And So It Goes a 2012 da Reflections a 2014, duka tare da Garth Fundis. A na farkon Keith Urban da Vince Gill sun sa hannu. Yana da shekara 73 da kuma kusan 75 lokacin da suka fito. Muryar ta ƙara kauri, ta ɗan yi ƙasa, akwai 'yar dishewa a gefenta, numfashin kuma ya gajarta. Sai dai mawaƙin da ya gina sunansa kan kai wa sama shi ne tsufa ke kunyatawa. Wanda bai taɓa dogara da hakan ba, abin da ya rasa kaɗan ne.

Reflections ya fi And So It Goes ƙarfi a wurina, saboda zaɓen waƙoƙin. Ya buɗe da "I'll Be Here in the Morning" ta Townes Van Zandt, ya kuma rera "Sing Me Back Home" ta Merle Haggard, labarin fursunan da ake kaiwa a zartar masa da hukuncin kisa yana roƙon a yi masa waƙar gida. Wannan na cikin lokuta ƙalilan da ya shiga gidan yari a waƙa. A watan Maris na 2016 ya sanar da ajiye aiki gaba ɗaya.

Wanda ya san shi ta tarin zaɓaɓɓun waƙoƙi kawai, da wane kundi zai fara?

Yawancinmu ta irin wannan tarin muka san shi, kuma ba laifi, sai dai suna maimaita waƙa 15 ko 20 ne kullum, suna barin sauran. Fara da Volume One, ka ji shi daga farko zuwa ƙarshe yadda aka jera shi, bai fi kusan rabin awa ba. Daga nan ka wuce Harmony da Expressions. In waƙoƙin labari ka fi so, nemi Portrait da Cafe Carolina, ka kuma koma Volume Two don "She's in Love with a Rodeo Man". Reflections ka bar shi sai ka saba da muryar ƙuruciyar, don ka iya jin abin da shekara 41 suka ƙara mata. New Moves da Traces za su iya jira.